SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: Jan Kunne Ga Masu Kaɗa Jita A Agege

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san cewa kuɗin da ɗan Arewa ke samu a wannan gari kuɗi ne na gumi. Wani a mayankar Oko-Oba yake wuni, wani yana dakon buhunan albasa a kasuwar Mil 12, wani kuwa gadi yake yi a Ikeja, ga iyali can gida sun zuba ido suna jiran aike. To, a cikin waɗannan bayin Allah akwai samari, ko da yake ba su da yawa, waɗanda Allah ya ɗora wa son kaɗa jitar lantarki. Wasu 'yan Jamhuriyar Nijar ne da suka tashi da kiɗan Agadas a kunnensu, wasu sun koya a majami'un da ake sujada da Hausa, wasu kuwa a wayar hannu suka gani abin ya shiga ransu. Da zarar irin wannan yaro ya mallaki jita da 'yar amfilifaya, abu na gaba da ke hana shi barci shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan da ake ajiyewa a ƙasa ana takawa da ƙafa, watau feda, wadda ke sa muryar jita ta yi kauri ta yi gurnani.

A nan ne kuwa ake yin asara. Kusan duk fedar da ke kasuwa daga ƙasashen waje ake shigo da ita, da dala kuma ake sayo ta. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na shekarar 2023, har dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024, abin da dā ake saye da rarar aljihu ya koma abin da sai an yi adashi. Yaro ya tara kuɗin wata biyu ko uku, ya ga wani gwani a bidiyo yana taka wani jan akwati, ya riƙe sunan, ya hau mota ya sayo, ya dawo Zango ya jona, sai ya ji wata ƙara kamar ana yanka kwano da zarto. Ga kuɗi sun tafi, ga kunya a gaban abokai.

Abin da ya kamata kowane mai jita ya riƙe shi ne, kada ya biya ko sisin kwabo sai ya ji fedar da kunnensa, a kan jitarsa, da irin amfilifayar da zai yi aiki da ita. Sa'an nan ya zaɓi wadda za ta ƙara wa kiɗa armashi ba tare da ta binne muryar mawaƙi ba. A kan sauran kaya an ce gani ya kori ji, amma a kan wannan haja ji ne ya kori gani.

ASALIN ABIN

Abin mamaki shi ne, wannan sauti da ake zuba kuɗi ana nema a yau daga lalacewar kaya ya samo asali. A shekarar 1951 ƙungiyar wani makaɗi Ba'amurke mai suna Ike Turner ta je birnin Memfis ɗaukar faifai, amfilifayar mai jitarsu ta sami rauni a hanya, aka yi aiki da ita haka nan, sai ga shi muryar da ta fito mai karkarwa ta burge jama'a. Bayan shekara 10, a 1961, aka fitar da wani faifai da aka ɗauka a birnin Nashbil, inda wata na'urar ɗakin ɗaukar sauti ta sami matsala ta sa jita ta yi wani irin ƙugi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera ɗan akwatin da zai riƙa ba da wannan ƙugi da gangan, kamfanin Gibson ya fara sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai a 1965, sa'ad da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da shi a waƙarsu mai suna Satisfaction. A Ingila kuwa, a 1964, Dave Davies na ƙungiyar Kinks reza ya sa ya tsaga takardar lasifikarsa don neman irin wannan murya.

Daga baya Japanawa suka shiga sana'ar suka gyara ta. Kamfanin Boss ya fito da OD-1 a 1977, da DS-1 mai ruwan lemo a 1978, da SD-1 mai ruwan ɗorawa a 1981. Kamfanin Ibanez kuma ya fito da koriyar fedar nan Tube Screamer a 1979. Har yau galibin abin da ake gani a kantuna, ko dai su ne, ko kuwa jikokinsu ne da aka sake wa riga.

Kada a ɗauka wannan murya baƙuwa ce a Ikko. A 1973 'yan makarantar St. Gregory's da ke Obalende, waɗanda suka kira kansu Ofege, sun fitar da faifansu na farko a kamfanin EMI, jitar da ke ciki kuwa cike take da ƙugi. A wannan shekara ne ita ma ƙungiyar BLO, wadda Berkely Jones ke kaɗa wa jita, ta fitar da nata. Dattawan da suka zo Ikko tun zamanin ana lodin goro a tashar jirgin ƙasa ta Agege sun ji irin waɗannan fayafayai suna tashi daga shagunan maƙwabta.

Akwai masu cewa wannan duk hayaniyar Turawa ce, ba ta da gurbi a kiɗan Hausa. Da sun ɗan tsaya sun yi tunani da sun ga ba haka ba ne. Mai garaya yakan soka ɗan faifan ƙarfe mai zobba, watau ceba, a ƙarshen sandar garayarsa, domin kowane bugu ya zo da kacau-kacau. Mai ganga yakan gitta siririyar tsirkiya a fuskar fata domin ganga ta yi zuza. Algaita da kanta ba murya mai santsi gare ta ba. Ashe kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sauti sai da ɗan ƙaiƙayi yake daɗi. Abin lura kawai shi ne, mai garaya bai taɓa sa cebar da za ta fi garayar ƙara ba.

IRI UKU NE, BA ƊAYA BA

Rashin sanin bambancin waɗannan akwatuna shi ne mafarin asara. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. To, kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. In aka tura mata fiye da ƙarfinta sai ta yanke ƙololuwar hawan da saukar, wannan yankewa kuwa ita ce ke haifar da wasu 'ya'yan sauti a kan na asali, su ne kunne ke ji kamar gurnani. Aikin feda shi ne ta yi wannan yanka da gangan, da wasu ƙananan kayan lantarki da ke cikinta.

Mai awo a kasuwa zai fi kowa gane wannan. In an cika mudu ya yi tsororuwa, ana iya sa tafin hannu a ɗan shafe kan a hankali, tudun yana nan amma ya lafa. Wannan shi ne irin na farko, wanda masu kanti ke kira obadiraif. Gurnaninsa kaɗan ne, yana bin hannun makaɗi, in ya taɓa a hankali murya ta fito kusan garau, in ya buga da ƙarfi ta yi kauri. Tube Screamer da SD-1 nan suke. Ana kuma iya sa sanda a share kan mudun ya koma daidai da baki. Wannan shi ne na biyu, distoshan, irin su DS-1 da baƙar fedar nan RAT ta Amurka. Rurinsa ya fi yawa, murya takan daɗe ba ta mutu ba, amma bugu mai taushi da bugu mai ƙarfi sukan koma kusan ɗaya. Na uku, faz, shi ne kakansu, irin su Fuzz Face da aka fara yi a Landan a 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Wannan kam ba shafa ba ce, danne hatsin ake yi gaba ɗaya, har muryar jita takan koma kamar ta algaita ko kukan rina.

Yawancinsu maɓalli uku gare su na murɗawa. Ɗaya na yawan gurnani, ɗaya na kaifin murya, ɗaya kuma na ƙarfin sautin da ke fita. Wanda bai bambance na farko da na uku ba, lalle zai sha wahala.

WANNE YA DACE DA WAƘAR HAUSA?

A waƙar Hausa magana ce sarauniya. Abin da jama'a suka riƙe na marigayi Ɗan Maraya Jos, da Haruna Uji mai gurmi, da Hassan Wayam mai kukuma, kalmominsu ne, kayan kiɗan kuwa amsa musu suke yi. A wurin biki uwar amarya so take ta ji an ambaci sunanta da na iyayenta, mai liƙi kuma ba zai zaro kuɗi ba in bai ji kirarinsa ya fito fes ba. Daɗin daɗawa, Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke sake ma'anar kalma, saboda haka duk abin da ya rufe muryar mawaƙi ya ɓata zancen ne ɗungum. Muryar jita kuwa da muryar ɗan Adam a layi ɗaya suke tafiya, watau tsaka-tsaki tsakanin kauri da siranta. Feda mai yawan ruri takan cika wannan layi ta hana mawaƙi wurin wucewa.

Akwai dalili na biyu. Salon kaɗawar da samarin nan suka fi bi, ko na Agadas ne ko wanda aka ɗauko daga molo da gurmi, yatsu ne ke gudu a kan tsirkiya ɗaya ko biyu, alhali wata tsirkiyar tana ta amo a ƙarƙashi ba tsayawa. In ruri ya yi yawa, sautin tsirkiyar ƙasa da na sama sai su cakuɗe su haifar da wasu muryoyi da ba su jitu da kowa ba, gudun yatsun da aka sha wahalar koyo ya narke ya zama kunu. Saboda waɗannan dalilai biyu, wanda kuɗinsa na feda ɗaya ne ya fara da obadiraif. In ya buɗe maɓallin gurnani kaɗan ya ishe shi rakiyar mawaƙi, in wurin taka rawa ya zo ya ƙara.

Ba shakka wani yaro zai ce, to ai Mdou Moctar na Nijar ruri yake zubawa kamar hadari, ga shi duniya na sonsa. Gaskiya ne. Amma a dubi hanyar da ya biyo. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ya kuma bazu a wayoyin hannu daga wannan zuwa wancan tun kafin Turawa su san da shi. Rurin da ake ji a faifansa Afrique Victime na 2021 ya zo ne bayan shekaru masu yawa na kaɗawa a bukukuwan ƙauye da birni, a lokacin da yatsunsa suka riga suka nuna. Haka Bombino na Agadas, sai da ya gama ƙwarewa a gida kafin ya je Nashbil ya ɗauki faifansa Nomad da ya fito a 2013. Bugu da ƙari, su a manyan dandali suke wasa, da injiniyoyin da aikinsu ke nan su raba muryar jita da ta mawaƙi. Yaron da zai yi wasa a ƙarƙashin rumfa a Isale Oja, da lasifikar haya biyu da janareto yana kuka a gefe, halinsa daban ne. Ya saurari 'yan Tal National na Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan Nijar, ya ji yadda jitarsu ke gudu amma kowane taɓi yana fita sarai.

Wannan bai hana wanda ya ƙware, ya kuma sami hali, ya ƙara distoshan ko faz daga baya ba, musamman don wuraren da mawaƙi ya yi shiru aka bar wa jita fili. Magana dai ita ce a san na farawa da shi.

SUNA BA YA KIƊA

Babbar cutar masu jita a ko'ina cikin duniya ita ce bautar suna. A 1994 wani Ba'amurke mai suna Bill Finnegan ya fara haɗa wata feda da hannu mai suna Klon Centaur. Wajen guda 8,000 ya yi ya daina, saboda haka farashin tsofaffinta ya tashi har ana sayar da ita dubban daloli. A 2023 sai Josh Scott, mai kamfanin feda na JHS, ya ɗauko wata tsohuwar feda mai araha da aka raina, mai suna Bad Monkey, ya gwada ta gefe da gefe da Klon da wasu masu tsada, jama'a suka kasa bambance su da kunne. Me ya biyo baya? Maimakon mutane su ɗauki darasi, sai suka ruga sayen Bad Monkey, farashinta ya ninka sau da yawa cikin 'yan kwanaki. In masu dala a aljihu za su yi irin wannan wauta, ɗan ci-rani ba shi da rarar da zai bi su.

Abin da ke cikin waɗannan akwatuna ba asiri ba ne, an daɗe da sanin yadda ake haɗa su. Kamfanoni irin su Joyo da Mooer na ƙasar Sin, da Behringer, suna yin kwatankwacin shahararrun fedodin da sunan kansu, a farashi mai sauƙi, da yawa kuma suna aiki yadda ya kamata. Wannan halal ne na kasuwa, mai saye ya san abin da ya saya. Abin gudu shi ne jabu, watau wadda aka buga wa sunan wani babban kamfani alhali ba shi ya yi ta ba, a karɓi kuɗin doki a ba da jaki. Tokumbo mai lafiya ta babban kamfani ma abin so ce, domin akwatunan Boss da Ibanez na ƙarfe ne masu jure taku. Sai dai ko sabuwa ko tokumbo, hukuncin ɗaya ne, a gwada.

Bidiyon waya kuwa ba gwaji ba ne. Wanda ya ɗauke shi da amfilifaya mai tsada ya yi, a ɗaki na musamman, aka gyara sautin da kwamfuta, sa'an nan mai kallo ya ji shi ta lasifikar waya da ba ta fi ƙwayar wake ba. Saye a kan wannan cinikin biri ne a sama.

YADDA ZA A GWADA

Daga Agege zuwa kasuwar Alaba da ke Ojo tafiya ce mai cin wuni, amma ko can za a je ko wani kanti a Ikeja, mai saye ya saɓi jitarsa da wayar jonawarsa ya tafi da su. In amfilifayarsa ƙarama ce ya ɗauka, in ba ta ɗaukuwa ya nemi a jona masa irinta. Feda ba ta da murya tata ita kaɗai. Wadda ta yi daɗi a kan amfilifaya mai ƙwan gilashi irin na tsofaffin rediyo tana iya yin tsami a kan ƙarama mai tiransisto, haka kuma jita mai siririyar murya da mai kakkaura ba abu ɗaya suke so ba.

Da farko ya daidaita amfilifaya ta ba da murya garau ba tare da feda ba. Sa'an nan ya kunna feda ya murɗa maɓallin ƙarfi har ya zama ko an taka ko ba a taka ba, ƙarar ɗaya ce. Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci, domin kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a, duk abin da ya fi ƙara sai ya ɗauka ya fi daɗi. Mai kanti na iya buɗe komai har ƙarshe ya ce, "Aboki, ka ji wuta ko?" Amsar da ta dace ita ce, "Oga, rage tukuna, bari in ji da hannuna."

Ya fara da gurnani kaɗan, yana ƙarawa a hankali. Ya taɓa tsirkiya da taushi, ya kuma buga da ƙarfi, ya ji ko fedar tana bin hannunsa. Ya rage maɓallin ƙarar da ke jikin jita ya ji ko murya za ta washe, domin feda ta ƙwarai tana barin makaɗi ya sarrafa ta daga jita ba sai ya sunkuya ba. Ya kaɗa waƙoƙin da yake kaɗawa a wurin aiki, kada ya tsaya kwaikwayon abin da ya gani a bidiyo. In da hali ya tafi da mawaƙinsu, ya rera baiti ɗaya ko biyu, wani aboki ya ja da baya taku goma ya faɗi gaskiya ko yana jin kalmomin.

Bayan haka ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi ya yi shiru ya saurara. Feda ba ta san bambancin kiɗa da datti ba, duk abin da ya shigo ƙara masa ƙarfi take yi. Wutar ƙasar nan, wadda har yau ake ce wa ta NEPA ko da yake hukumar ta daɗe da rushewa, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kuwa yakan shiga jita ya zama wani gunji mara yankewa, ƙaramin janareto kuma ya fi ta datti. Gwargwadon yawan ruri, gwargwadon yawan gunjin. Saboda haka a gwada da batir, a kuma gwada da adafta, a ji bambanci. Yawancin fedodi wuta bolt 9 suke ci, kuma a galibinsu tsakiyar bakin jonawa shi ne ɓangaren ragi, saɓanin adaftocin wasu kayan gida. Wanda ya tsinci kowace adafta ya cusa don ya ga bakin ya shiga, yana iya ƙona kuɗinsa cikin ƙiftawar ido. Haka kuma a sani cewa muddin wayar jita tana soke a jikin feda batir na ci, ko da an kashe ta.

Iskar Ikko mai laima ce, ga gishirin teku, tsatsa ba ta da wuya. A murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi, a girgiza waya a bakin jonawa a ji ko sauti na yankewa, a taka makunni sau 20 ko fiye, a buɗe ɗakin batir a duba ko wani tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki. Wanda ransa ya biya ga faz ya tambaya ko mai tiransiston jamaniyam ce, domin irin wannan zafi na sake mata murya, abin da aka ji da safe a kanti mai sanyi ba shi za a ji da azahar a ƙarƙashin rumfa ba. Mai silikon ta fi jure yanayin ƙasar nan.

Akwai wani tarko da ya kamata a ambata. A bukukuwa da yawa ba a zuwa da amfilifayar jita, sai a jona makaɗi kai tsaye cikin na'urar mai hayar lasifika. Lasifikar jita an yi ta ne yadda take zubar da sautin da ya cika tsini, ita kuwa lasifikar biki tana da 'yar ƙaramar da aikinta ke nan ta fito da tsinin. In aka tura ruri kai tsaye cikinta, abin da ke fita shi ne ƙarar zarton nan da aka ambata. Maganinsa shi ne a zo da amfilifaya a kafa mata makirfo a gaba, ko kuwa a nemi feda mai kwaikwayon muryar lasifikar jita a cikinta. Wanda ya san haka zai yi aiki, to haka zai gwada tun a kanti.

Daga ƙarshe a karɓi rasit, a kuma yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za a iya dawo da kaya in sun ba da matsala. Mai kantin da ya ƙi a gwada, ko ya ƙi ba da rasit, ya riga ya faɗi abin da ke cikin kwalinsa. A yi masa sallama cikin mutunci a ƙara gaba.

HAƘƘIN MAƘWABTA

Saura magana ɗaya. Yawancin samarin nan a gidajen haya suke, ɗaki na kallon ɗaki, bango ɗaya tsakaninsu da mai jego ko tsohon da ya dawo daga aikin dare. Hausawan Agege sun fi shekara 100 suna zaune da Yarbawa masu masauki, abin da ya riƙe wannan zama kuwa shi ne kowa ya san iyakarsa. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, takan rufe wuraren da suka dami jama'a da ƙara, amma bai kamata a jira hukuma ba, ko a jira wani dattijo ya buga ƙofa ya ce, "Kai yaro, ba ka da iyaye ne a gidan nan?" Abin daɗi shi ne, amfanin feda ke nan tun asali. Dā sai an ƙure amfilifaya har bango ya girgiza kafin a sami gurnani, yanzu kuwa ana samunsa da ƙarar da ba ta wuce ta rediyo ba. Wanda ya sayi feda sa'an nan ya ƙure ƙara a tsakar dare ko lokacin salla, bai gane abin da ya saya ba.

Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin kiɗa da manyan makaɗa na Agege da Idi-Araba da Obalende da su riƙa raka yaransu kasuwa, su kuma riƙa ara musu tasu fedar su kwana biyu da ita kafin su yanke shawara. Su kuma samari su yi haƙuri, su tuna cewa babu akwatin da zai gyara jitar da ba a ɗaure tsirkiyarta daidai ba, ko yatsun da ba su sha horo ba. Wanda ya rasa wadda ta gamsar da kunnensa ya mai da kuɗinsa aljihu ya dawo gida, kuɗin mota kaɗai ya yi asara, kasuwa kuwa tana nan gobe. Allah ya sa a dace, ya kuma albarkaci nema, amin.